Ƙwaryar da Ta Dawo Fanko

Concourse Village, Bronx
5 ga Oktoba, 2015

Zuwa ga ɗan'uwana Chuwang, Sakataren Majalisar 'Yan Filato ta Park Hill.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da madam da yara. Yaya aikin asibiti? Ni ne Moro, sakataren Majalisar 'Yan Zango ta Concourse, in har rubutuna ya ɓace maka. Shekara biyu ba kwana biyu ba ne.

Lambarka tana nan a wayata. Sau nawa ina tsaye a jar wuta da fasinja a baya, in ciro ta in zuba mata ido, sai na bayana ya danna mini hon in mayar da wayar aljihu. Amma ka san dokar da tsofaffinmu suka kafa, maganar majalisa da majalisa a takarda take tafiya, don baki yana mantuwa, takarda ba ta yi. Shi ya sa na ajiye tasi a gefen titi nake rubuta maka a kan sitiyari. Ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shugabanmu Baba Alhassan zai koma Kumasi ranar ɗaya ga Nuwamba, tikitin tafiya ne babu na dawowa. Ciwon suga ya ci ƙafafunsa, daga ɗaki zuwa lifta sai ya huta sau biyu. Saura kwana ashirin da bakwai.

Ni da kai mun tarar da wannan zumunci ne, ba mu muka ƙulla shi ba. Baba Alhassan da marigayi shugabanku Baba Choji teburinsu ɗaya kusa da ɗaya a titin 125, wannan na sayar da huluna, wancan lema da bel. In Baba Alhassan ya tafi Juma'a, Baba Choji ke tsare masa kaya, ran Lahadi kuma shi ya rama. Da kowa ya kafa majalisar mutanensa, sai suka kafa ziyara. Ƙwarya ɗaya ce tal. Lokacin Kirsimeti mu cika ta da goro mu hau feri mu tsallaka ruwa mu kawo muku, da Ƙaramar Salla ku cika ta da acca ku maido mana. Shekara goma sha shida ba fashi.

To, bayan rasuwar Baba Choji aka yi Salla, muka share zaure, muka jera kujeru, ba ku zo ba. Muka ce makoki ne. Bayan wata biyu sai ga kwali ta gidan waya. Ni na buɗe shi a gaban jama'a. Ƙwaryar ce, an wanke ta tas, ko ƙwayar acca babu. Baba Alhassan ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Wanda ya maido maka kwano fanko, ya ce kada ka ƙara kawo masa ke nan." Ya kai ta gida ya kife a kan kabad, har yau tana nan.

Chale, abokina, abin ya yi mini ciwo, kuma yana yi har yanzu. Tsohon nan ba ya ambaton ku, amma na sha kama shi yana kallon saman kabad. Ba na so ya hau jirgi da wannan a ransa. Ka gaya mini laifinmu, in na bayar da haƙuri ne mu bayar. A yi ziyara ɗaya kafin ya tafi, ko ta minti goma ce.

Ka gaishe da mutanen majalisa duka.

Naka,
Moro


Park Hill, Staten Island
10 ga Oktoba, 2015

Zuwa ga Malam Moro, Sakatare.

Ina gaishe ka, da fatan salamar Allah tana tare da kai da gidanka. Wasiƙarka ta same ni ranar Alhamis. Na yi baƙin cikin jin rashin lafiyar Baba Alhassan, Allah ya ba shi sauƙi.

Zan amsa maka a kan abu uku.

Na farko, majalisarmu ba ta aika muku da ƙwarya ba. Na duba littafin taro daga farko har ƙarshe, babu inda aka yanke haka. Mu a saninmu ƙwaryar ta ɓata ne lokacin da aka kwashe kayan marigayi. Mun neme ta ba mu gani ba, kunya ta hana mu faɗa.

Na biyu, tun da ka ce in faɗi laifi, zan faɗa. Ranar jana'izar Baba Choji kun zo ku goma sha biyu. Kun tsaya a ƙofar coci, wannan mun gane. Amma da aka koma zaure, matanmu sun riga sun yi muku girki na daban. Sun je har shagon mahauci Musulmi sun sayo rago, sun sayi tukwane sababbi don kada ku yi shakka. Aka ajiye a gabanku. Ko ruwa ba wanda ya taɓa. Kuka yi ta'aziyya kuka tashi. Matar da ta kwana biyu tana wannan hidima ta zauna a kicin tana kuka. Wani dattijo ya ce, "Ashe don Choji suke cin abincinmu. Choji ya tafi." Shi ya sa da Salla ta zo ba wanda ya ɗaga maganar ziyara.

Na uku, ni sakatare ne, ba ni da ikon kiran ziyara sai majalisa ta zauna ta amince. Zamanmu na gaba Lahadin farko ta wata ne, wato ɗaya ga Nuwamba. Na ga ranar, ba sai ka nuna mini ba.

Ban ƙi ka ba, Moro. Amma abin da na gani da idona shi na rubuta.

Allah ya kiyaye.

Chuwang
Sakatare


Concourse Village
13 ga Oktoba, 2015

Chuwang,

Gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Ba zan ja ta ba, don tun da na karanta takardarka nake zagaye ɗaki kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Azumi ne, Chuwang! Muna tsakiyar watan azumi aka binne Baba Choji. Ka tuna zafin ranar nan ta Yuli. Mun hau jirgin ƙasa, mun hau feri, mun hau bas, sannan muka tsaya awa uku a rana a ƙofar coci, bakinmu a bushe. Na kawo wa Baba Alhassan kujera ya ture ta, ya ce Choji ya tsaya masa a kan teburi shekaru, shi ma zai tsaya masa yau. Da aka kawo abincin nan, wallahi ƙanshin ragon har yanzu yana hancina. Na raɗa masa, "Baba, mu gaya musu." Ya ce, "Mutanen Jos ne, sun san azumi fiye da kai. Kada ka ba masu makoki kunya a kan girkinsu." Sai muka yi shiru, muna ganin ladabi muke yi. A feri wajen dawowa jiri ya ɗebe shi, ni da Kadri, wani ɗan majalisarmu, muka riƙe shi har Manhattan.

Ashe shirun da muka yi shi ya yanka ku. Wannan namu ne, na karɓa. Ka gaya wa baiwar Allah da ta yi kuka a kicin cewa Moro ya durƙusa.

Amma ƙwarya ba ta da ƙafa. Wani ya sa ta a kwali, ya liƙe, ya rubuta adireshinmu. Ni mutum ne mai ajiye tarkace, matata kullum faɗan da take yi ke nan. Kwalin yana nan. Na yanko inda aka yi rubutun, ga shi cikin ambulan. Ka duba hannun wane ne.

Batun zamanku na ɗaya ga wata kuwa, jirgin Baba zai tashi kuna kan addu'ar buɗe taro. Saura kwana goma sha tara. Jiya fasinja ya ce in kai shi Brooklyn, ban farga ba sai ga ni a bakin feri. Mutumin ya zage ni paa, zagi sosai, kuma da gaskiyarsa.

Ina jiran ka.

Moro


Park Hill
16 ga Oktoba, 2015

Zuwa ga Kawu Moro,

Ina gaisuwa da ladabi. Ni ce Susana, 'yar marigayi Baba Choji. Ka yi haƙuri da Hausata, ina shekara tara aka kawo ni nan, ina ji sosai amma rubutu sai a hankali.

Kawu Chuwang ya zo gidana jiya da yamma da guntun kwali. Rubutuna ne. Ni na aika ƙwaryar.

Bayan rasuwar Baba na kasa shiga ɗakinsa. Wata biyu yana kulle, sai masu gida suka ce a kwashe kaya cikin mako ɗaya. Ni kaɗai na yi aikin. Na ga ƙwaryar a kan teburin gefen gadonsa, an rufe ta da farin ƙyalle. Kawu, ba fanko take ba. Cike take da acca har baki. Amma zafi da rufe ɗaki sun sa ƙwari sun cinye ta, tana motsi. Na zubar a shara, na wanke ƙwaryar da sabulu sau biyu. A kan ƙyallen akwai 'yar takarda da sunan Baba Alhassan, sai na ce kayan mutane ne, a mayar musu da tsabta. Na nemi adireshi a littafin Baba na kai gidan waya. Na dawo ina jin na yi abin kirki. Ba wanda ya taɓa koya mini cewa ba a mayar da kwano babu komai a ciki. A nan in maƙwabciya ta ba ka abinci, wankewa kake yi ka mayar.

Takardar ban aika ba. Na riƙe ta don ita ce rubutun Baba na ƙarshe. Shekara biyu tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa. Ga ta nan na sa maka. Ka kai wa Baba Alhassan ya gani da idonsa. Ba na son rabuwa da ita, amma tasa ce tun farko.

Kawu Chuwang ya karanta mini maganar azumi. Ya zauna ya riƙe kai. Ya ce a Jos da ya sani, don gari duka yana canzawa, amma a nan ba abin da ke gaya maka wata ya kama, kuma hankalin kowa na kan gawa. Ko da Salla ta zo, ɓacin rai bai bar kowa ya yi lissafi ba. Ya ce in gaya maka kunya ta hana shi rubutu yau. Wadda ta yi kuka a kicin kuwa gwaggona ce. Da aka gaya mata sai ta sake wani kukan.

Na raba Baba da abokinsa bayan ya mutu. Tun jiya abin nan ke cina. Don Allah ku yafe mini.

'Yarku,
Susana


Concourse Village
20 ga Oktoba, 2015

Ɗan'uwana Chuwang,

Ina gaishe ka, ka ajiye kunya, ba lokacinta ba ne. Ka gaida Susana, ka ce mata ta ci abinci.

Ranar Asabar na kai wa Baba Alhassan wasiƙarta, na tarar da shi cikin akwatuna. Na karanta masa tun daga sama. Da na zo inda ta ce ƙwaryar cike take har baki, ya ɗaga hannu, na tsaya. Ya ce in ba shi 'yar takardar. Ya sa tabarau. Kalma biyar ce kawai: "Na Alhassan. Ran Salla. Choji." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Je ka, fasinja na jiran ka."

Ke nan. Kwana uku yanzu. Na koma Lahadi, na koma Litinin, hirar magani da nauyin akwati kawai yake yi mini. Ƙwaryar tana nan a kife inda take. In na buɗe baki sai ya tambaye ni farashin mai. Ka san tsohon nan, in ya ce an sallame shi, ko shekara goma ce ba ya komawa. Tsorona kada ya ga cewa lokaci ya riga ya wuce. Saura kwana goma sha biyu, na kasa zama a gida, na kasa zama a mota.

Ɗazu 'yarsa Najat ta kira ni, ta ce Baba ya ce in zo gobe bayan azahar da biro da takarda mai kyau. Ban san abin da zai ce ba. Duk abin da ya faɗa, da hannuna zan kawo muku shi, ba ta gidan waya ba. Gidan waya ya ishe mu haka.

Naka,
Moro


Concourse Village
21 ga Oktoba, 2015

Zuwa ga 'yata Susana, ta hannun Moro.

Ina gaishe ki, ina gaida Chuwang da gwaggonki da majalisa baki ɗaya.

Ba ki da laifi. Ubanki ya cika ƙwarya, ya sauke nasa. Ni ne na riƙe ta shekara biyu a kife, ina fushi da mutumin da ya auna mini acca yana kan gadon mutuwa. Ziyara a kanmu take.

Takardarsa na karanta, ta ishe ni. Ga ta nan ki mayar inda take. Na sa miki farin goro ɗaya a ambulan, don ki fara koyo, ba a mayar da abu fanko.

Ki ce wa Chuwang ba sai majalisa ta zauna ba, baƙo ba ya jiran taro. Asabar mai zuwa za mu hau ferin ƙarfe goma. Moro ya ce ƙafata ba za ta kai ba. Ranar da aka binne ubanki ai ta kai.

Ki ce wa gwaggonki ta fito da tukwanen nan. Wannan karon ba ma azumi.

Ubanki,
Alhassan