Kada Ka Aiko wa Baba da Babur

Bunguɗu, 9 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Yayana Mannir, a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Asiya da yara, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau, gero ya fara fid da kai, ƙanwarmu Luba kuma ta sauka, an samu mace.

Malam Usman ya kawo saƙonka, wai ka ji Baba na yawo a ƙasa kamar marar 'ya'ya, za ka aiko masa da babur. Yaya, don Allah kada ka aiko. Bayan ciwon zuciyar da ya kama shi a tashar Gusau, wata biyu muka kwantar da shi, ko buta ba mu bari ya ɗauka. Da muka koma asibiti likita ya yi mana faɗa. Ya ce jijiyoyin zuciyar sun cushe, kwanciyar nan ita za ta ƙarasa shi, sai ya haɗa magani da tafiyar rabin awa kullum, in ƙirji ya riƙe ya tsaya ya huta. Ranar na yi kuka, ashe da hannunmu muke cutarsa.

To amma wa zai bar mutumin da ya shekara talatin yana tuƙi a hanyar Tsafe ya taka ƙasa? Kafin ya yi taku ashirin ɗan kabu-kabu ya tsaya, ya rantse sai ya ɗauke shi, shi kuma kunya ba ta barinsa ya ƙi. Sati guda cur a bayan babur yake dawowa. Inna ce ta yi dabara, ta damƙa masa igiyar ragonta, tunda ba a yi wa mai kiwo tayin hawa. Sannu ba ta hana zuwa, yanzu har bakin rafi yake kaiwa ya dawo ba haki. Rago na ƙiba, tumbin Baba na raguwa.

Na san ƙauna ce ta sa ka, maganar mutane kuma da ciwo. Amma gara a ce mun bar shi a ƙasa da a zo mana ta'aziyya. Da na gaya masa saƙonka sai ya ce in rubuta maka takalminsa ne ya cinye, kuma ba ya son aike, ka kawo da kanka ku taka tare.

Inna da Dije da Lantana suna gaishe ku. Ka shafa mini kan Mubarak.

Ƙanwarka,
Wasila