Na duba samfurin Babana a ɓoye, Yayana ya raba shi da asibiti

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku karanta har ƙarshe. Zagin da na yi wa kaina a makonnin nan ya ishe ni.

Ni ɗaliba ce a nan Maiduguri, ina digiri na biyu, kuma ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti da ba zan ambata ba. Bincikenmu a kan ciwon dajin hanji ne. Akwai wasu sinadarai da jiki ke samarwa idan ya shiga zafi ko wahala, muna kiransu HSP, aikinsu su kare ƙwayoyin jiki kamar yadda rumfa ke kare mai kaya daga rana. Matsalar ita ce shi ma ciwon daji yana fakewa a ƙarƙashin rumfar nan. To mu abin da muke nema mu sani shi ne, idan ƙwayoyin gadon da ke samar da sinadaran nan suka yi aiki da yawa a cikin ƙari, ko hakan alama ce ta cewa ciwon zai yi tsanani? Ku lura, tambaya ce muke yi. Ba mu da amsa tukuna. Farfesanmu kullum yana cewa bincike irin wannan yana magana ne a kan taron jama'a, ba a kan mutum ɗaya ba.

Dokar aikin guda ce mai tsauri: samfuri, wato tsokar da aka ciro daga jikin majiyyaci, ba shi da suna, sai lamba. Littafin da ya haɗa lamba da suna yana kulle a durowar Farfesa, kuma duk mun sa hannu cewa ba za mu taɓa shi ba.

Sai ga Babana ya kwanta. Mutumin da ya yi shekaru yana sayar da busasshen kifi a Baga Road bai taɓa kwana a asibiti ba, aka ce dajin hanji ne. Aka yi tiyata aka cire ƙarin, aka fara masa kemo, wato ruwan maganin dajin da ake ƙara wa mutum ta jijiya. Da aka tambaye shi ko ya yarda a sa tsokar da aka cire cikin bincike, dariya ya yi ya ce, "Ai aikin 'yata ne, ku ɗauka har da ƙari." Tun daga ranar na san Babana yana cikin firizarmu, ɗaya daga cikin kwalaben nan masu lamba. Kullum na buɗe firizar sai in tsaya ina kallonsu. Wanne ne shi? Na sama ko na ƙasa? Wata rana da azahar Farfesa ya tafi masallaci ya bar makulli a jikin durowa. Ba zan yi muku ƙarya in ce shaiɗan ne ba, ni ce. Na buɗe, na ga lambar Baba, na koma kwamfuta na duba. Yana cikin waɗanda sinadarin nasu ya fi yawa.

Na kwana uku ina haɗiye abin ni kaɗai, har na kasa. Sai na samu Yaya Bukar, babban wanmu, a ƙofar gidanmu a Bulumkutu. Na ce, "Yaya, zan faɗa maka magana, amma ka rantse ba za ta fita ba." Ya ce, "Haba ƙanwata, ni ne fa. Wallahi daga bakinki sai kunnena." Na faɗa masa ina kuka. Na maimaita masa har sau uku cewa wannan ba sakamakon likita ba ne, gwaji ne da ba a tabbatar ba, akwai masu irin wannan alamar da suka warke. Ya dafa kaina ya ce in yi haƙuri. Har daɗi na ji a ranar, wai na samu abokin ɗaukar kaya.

Abin da na manta shi ne tun farko Yaya ba ya son asibitin. Akwai wani mai maganin gargajiya a Lamisula da ya nace a kai Baba wurinsa, ni na hana, a gaban kawunnanmu, kuma aka bi maganata aka bar tasa. Ashe abin yana cinsa. A gidanmu ba a saba ƙaramar yarinya ta kayar da babban ɗa a zaman shawara ba.

Ranar Juma'a na dawo daga aiki na tarar da zaure cike da kawunnai. Ina cire takalmi na ji muryar Yaya: "Ba ni na faɗa ba. 'Yar bokon taku ce ta duba da na'urarta, ta ce ba zai tashi ba. To me ya sa za mu ci gaba da azabtar da tsoho da ruwan da ke sa shi amai?" Na kutsa cikin zauren. Na ce, "Yaya, haka na ce maka?" Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kin duba ko ba ki duba ba?" Na ce na duba. "Ya fito da kyau?" Na sunkuyar da kai. Wannan shi ya gama komai.

Zuwa yau Baba ya tsallake kemo sau biyu. Yana gida yana shan jiƙo. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, abin da na gani ba tabbas ba ne, likitanka ya ce maganin yana aiki." Ya yi murmushi ya ce, "Uwata, likita yana faɗa wa kowa haka. Ke kuwa kin leƙa da idonki, kuma idonki ba zai cuce ni ba. Yanzu lallashina kike yi, na gode." Kun ji? Yardar da ya yi da ni ita aka ɗauka aka rufe masa ƙofar asibiti. Duk abin da na ƙara faɗa yanzu tausayi yake ɗaukarsa.

Na san mutum ɗaya da Baba zai saurara: Farfesa, don yana ganin girmansa, yana cewa malamin 'yata. Idan shi ya zo ya ce masa alamar nan ba ta yanke wa kowa hukunci, ina da yaƙinin Baba zai koma. Amma kafin ya zo sai na faɗa masa na buɗe durowarsa. Korata za a yi, wannan na haƙura da shi. Abin da ya fi damuna Rahila ce, abokiyar bincikena, wadda ta baro yaranta biyu a Biu wurin mahaifiyarta don ta gama karatun nan. Idan aka ce an karya sirrin littafin, ana iya dakatar da aikin gaba ɗaya, da nata da nawa. Ita ce ke kawo min kunu kullum tana tambayar jikin Baba, ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Yaya kuwa har yau bai ce min yi haƙuri ba. Jiya ma cewa ya yi in miƙo masa kofin jiƙon. Ina jin zafinsa fiye da yadda zan iya rubutawa, amma duk sanda na tashi tsine masa sai in tuna ni na fara karya amanar da aka ba ni, shi tawa kawai ya karya.

Ranar Talata ce ranar kemo ta gaba, likita ya ce idan aka ƙara jinkiri abin da aka samu zai iya zubewa. Da safen nan Baba ya kira ni ya ba ni hularsa ta zuwa kasuwa, ya ce in ajiye, ba zai ƙara buƙatarta ba. Tana cikin jakata yanzu da nake rubutun nan, har da warin kifin. Jama'a, me zan yi?