Kwanukan Asibiti

Birnin Konni, watan Yuli

Zuwa ga Yaya Zuwaira,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ki. Ya damina a can bayan Illela? Mu nan lafiya lau, sai dai zuciyata ba ta kwance.

Kin san tun rasuwar maigidana Halilu girkin da nake yi wa marasa lafiya a asibiti shi ne cinmu, shi ne hayar ɗakinmu, shi ke riƙe da Sakina a kwaleji da Nafi'u a lakwal, wato firamare. To, sabon darakta ya hana zuba abinci a leda. Yana da gaskiya, don kunu mai zafi a baƙar leda har ɗanɗanonta yake ɗauka, ga ta toshe kwatami, in an ƙone ta kuma hayaƙin ɗakin masu tari yake shiga. Malam Saminu, mai kula da sayayyar asibiti, ya ce a kawo farin mazubin nan da ake ci a yar. Ni da ba a tambaye ni ba na buɗe baki na ce shi ma shara ne, a sayi kwanuka masu murfi, a ci, a maido, in wanke. Da ya ce za su ɓace, sai na dafa ƙirji na ce mutanenmu ba ɓarayi ba ne, in sun ɓace a kama ni. Kin sha gaya mini bakina zai kai ni inda ƙafata ba ta zuwa.

Yaya, an sayi kwanukan, ga shi kuwa suna ɓacewa. Kullum in na tara su da la'asar sai in ga sun ragu. Malam Saminu ya fara kallona yana murmushi, ni kuwa na fi son ya zage ni. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Ummul-Khairi

Birnin Konni, watan Agusta

Yayata Zuwaira,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu saƙonki da kukar miyar, Allah ya saka. Faɗan da kika yi mini ma ya iso, kuma na ci shi.

Na gano inda kwanukan suke, amma ganowar ba ta amfane ni da komai ba. Na bi sawun wata tsohuwa da ta yi jinyar jikanta a wurinmu, na hau mota har Tsarnawa, ina tafe ina shirya baƙaƙen maganganun da zan gaya mata. Ina shiga ɗakinta na ga kwanon a saman jerenta, an goge shi da toka yana ƙyalli, an ɗora masa faifai. Ta yi murnar ganina kamar 'yarta ce ta zo. Ta ce abincina ne ya tada yaron, kuma ita ba a haife ta a gidan da ake maida kwano wayam ba. Rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, in bari kaka ta yi za ta kawo shi da kanta da abin da Allah ya hore.

Sai na watsar da duk maganganun nan da na shirya. Ba haka Inna ta tarbiyyantar da mu ba? Ko kin manta dukan da kika sha ranar da kika maida wa maƙwabta akushinsu ba ko ƙwayar gyaɗa a ciki? Ni na manta, shi ya sa nake cikin wannan hali. Na roƙe ta ta ba ni shi haka nan, ranta ya ɓaci, ta tambaye ni ko na ɗauke ta matsiyaciya ce. Haka na baro shi. A Dogarawa ma amsar ke nan, a gida biyu.

Na kai wa Malam Saminu wannan bayani, ya ce shi buro, wato ofis, bai san kunya ba. Yana so maigadi ya riƙa kwance kayan masu jinya a bakin ƙofa. Na ce ba da ni za a tozarta tsofaffi ba, ya ce to in maido kwanukan kafin wata ya mutu, ko a ba wata girkin. Na bi gado-gado ina roƙon mutane su maido mini kwano ko ba komai a ciki, suna cewa to, ana sallamarsu kuma su ɗaure shi a zane.

Ina jin tsoro, Yaya. Gero ba ya nuna don ina sauri. In aikin nan ya tafi ba ni da inda zan ajiye yaran sai wurinki, kuma na san ƙauyenku babu kwaleji. Sakina ce ta biyu a ajinsu. Ki gaida maigida.

Taki,
Ummul-Khairi

Birnin Konni, watan Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ki da kaka, Allah ya sa albarka a abin da kuka girbe. Ki yafe mini shirun da na yi, ban san ta inda zan fara ba.

An sallame ni tun ƙarshen Agusta. Wadda aka ba girkin tana zubawa a farin mazubin, ga shi can iska na yawo da shi a bayan ɗakin haihuwa. Na gwada tuyar ƙosai a bakin hanya, bai riƙe mu ba, mai gidan da muke haya kuma ya ba ni zuwa ƙarshen wata in tashi.

Sai ga kwanuka sun fara dawowa. Mutanen suna zuwa asibiti su tambayi mai girki, maigadi ya kwatanta musu gidana. Wannan da wake, wannan da gero, wata da kuɓewa busasshiya, tsohuwar Tsarnawa har da ƙwan zabi a cikin dusa. Kowa ya zauna ya sa mini albarka. Ban gaya wa ko ɗaya abin da alherinsa ya ja mini ba, ina zan iya? Ihu bayan hari ne, amma da hannu biyu na karɓa.

Jiya na juye kwanukan, na wanke, na ɗauka a ka na kai buro. Malam Saminu ya ce an gode, amma an riga an ba wata. Wallahi tun daga ƙofar gida har asibiti ban iya ɗaga ido ba, don wayam na kai su.

Yaran za su hau motar ranar kasuwar Illela, da buhun waken da geron, ki sa a tare su a tasha. Ni zan tsaya in nemi aikatau. Nafi'u ba ruwansa, murnar ganin awaki yake. Sakina na ce mata ziyara ce, ta kuwa cika jakarta da littattafai wai kada a wuce ta a aji. Don Allah kada ki gaya mata gaskiyar a ranar da ta iso. Ki bari ta ci abinci, ta kwana, sannan ki faɗa mata zama ta zo yi, karatu ya tsaya, ni na kasa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ummul-Khairi