Sati Shida Ba Magana

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Don baitoci na sayi littafin nan, ga shi abin da zan fara rubutawa a ciki ba waƙa ba ce.

Yau muryata ta yanke. Muna ɗaukar waƙar wata amarya 'yar Ƙofar Dawanau, na zo inda zan ɗaga sama a baiti na uku, sai iska kawai ta fito. Nata'ala, da yake shi ke kan kwamfuta, ya cire abin kunnensa ya ce, "Anti Sa'ida, wuta ce ta ɗauke ko ke ce?" Muka yi dariya. Na kurɓi ruwa na sake. Ta fito, amma da kaushi. Ya ce zai gyara.

Karo na uku ke nan cikin sati biyu. Su kuwa na yau kaɗai suka sani.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na durƙusa zan gaida Umma da safe, "ina kwana" ta ƙi fita sai da na yi gyaran murya sau biyu. Ta dube ni.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Zaman mako yau. Wata bakwai ke nan da mu huɗu muka bar situdiyon Oga muka kama ɗakin nan na saman bene a Ƙofar Mata: ni, Nata'ala, Talatu mai yi mini amshi, sai Malam Mamman da kukumarsa. Da hannunmu muka manna kwalin ƙwai a bango don tare ƙara. Shekara tara na yi wa Oga waƙa, 'yan fim suna motsa baki a kan muryata, sunana bai taɓa fitowa ko a can ƙarshen rubutu ba. Shi ya sa dokar farko ta ƙungiyarmu, Zauren Amo, ita ce: duk wanda ya sa hannu a waƙa, sunansa ya fito. Ba oga, ba yaro.

Kuma abin yana tafiya, Alhamdu lillahi. Waƙoƙin amare, tallar masu rini da ke ƙasan benenmu, ga waɗanda muke ɗorawa a YouTube. Ba mu yi arziki ba, amma ba wanda ya koma roƙon aiki.

To yau Nata'ala ya zo da fosta. Taronmu na farko, na mata zalla, Asabar 24 ga Mayu bayan la'asar. Ya warware ta a kan tabarma, ga sunana ɓaro-ɓaro a sama: SA'IDA MIKAIL. Talatu ta yi guɗa. Malam Mamman ya ce, "'Yata, yau dai kin ga sunanki da idonki."

Na yi murmushi. Shekara tara ina jiran takardar nan, sai yanzu?

Laraba, 16 ga Afrilu

Citta, kanumfari, zuma, lemon tsami. Na daina ruwan sanyi duk da zafin nan da ake yi. Ba abin da ya canza.

Umma ta same ni a kicin ina dafa haɗin, ta ce, "Tun yaushe?" Na ce mura ce. Ta ce, "Mura ba majina?" Ta fita.

Na san abin da take tunani, don shi nake tunani. Baba ma da dishewa ya fara. Muka yi ta ba shi zuma. Lokacin da aka kai shi asibiti aka ce daji ne a maƙogwaro, kuma ya riga ya yi nisa. Wata takwas ya yi. A ƙarshe da yatsa yake nuna abin da yake so.

Ba zan je ba. In ban je ba, ba wanda zai faɗa mini.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na sa Nata'ala ya sauke kiɗan ƙasa a waƙoƙi biyu, na ce sabon salo nake gwadawa. Ya yarda. Yaron nan duk abin da na ce yarda yake yi, shi ne abin da ke ƙara damuna.

Talata, 22 ga Afrilu

Ina ta taɓa wuyana a adaidaita sahu ina laluben kumburi, har matar da ke kusa da ni ta ce ko sarƙata ce ta faɗi.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na haɗu da Dije a kasuwa. Turaren wuta take sayarwa yanzu.

Ita ce babbar muryar situdiyon Oga lokacin da na fara zuwa. Da muryarta ta fara shaƙewa, ko sallamar kirki bai yi mata ba, ya daina kiran wayarta kawai. Ni aka sa a gurbinta. Allah Ya yafe mini, ranar har shinkafa da kaza na saya don murna.

Na gaishe ta, kalma uku ko huɗu. Ta riƙe hannuna ta ƙura mini ido. Da 'yar muryarta mai kamar raɗa ta ce, "Sa'ida, na ji ta. Ki je asibiti. Ni da na je da wuri, da ba haka ba."

Na dawo gida ina ta juya maganarta. Idan ita ta ji a gaisuwa, saura kwana nawa su Talatu su ji? Kuma in sun ji fa? Sun ce ba oga, haka ne. Amma tikiti da sunana ake sayar da shi. Me za su yi da mawaƙiyar da ba ta waƙa?

Litinin, 28 ga Afrilu

Na je asibiti. Layi tun safe har azahar, sannan aka ce in dawo Litinin mai zuwa, ranar da likitan maƙogwaro yake zama. Sati guda! Na ce wa su Nata'ala gaisuwar mutuwa na je. Dubi irin ƙaryar da bakina ya zaɓa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Abinci ba ya wucewa. Ban sani ba ko ciwon ne ko tsoron ne.

Litinin, 5 ga Mayu

Ba daji ba ne.

Bari in sake rubutawa in gani da idona: ba daji ba ne. Umma ce ta raka ni, ba ta tambaye ni ba, ta ɗauki mayafinta kawai ta biyo ni. Likitan ya zura wata siririyar waya mai haske ta hancina, ya juyo mini da allon. Wasu 'yan ƙulli biyu a kan jijiyoyin murya. Ya ce kamar kantar hannun manomi ce, yawan aiki ne ya kawo. Umma ta yi sujada a wurin, a gaban mutane.

Ni ma na fara murna, sai ya ci gaba. Sati shida ba magana, ko raɗa ban da ita. Waƙa kuwa sai abin da ya gani. Na ce ina da taro nan da kwana goma sha tara. Ya ajiye biro ya ce, "Malama, ki zaɓa: taro ɗaya, ko sauran shekarunki." Ya ce ko na bi doka, ba lalle ta dawo yadda take ba.

Ashe mutum yana iya tsira da ransa ya fito yana kuka.

Laraba, 7 ga Mayu

Na yi wauta. Na je gwaji na ɗauki makirfo kamar ba abin da aka ce mini. Na ce bari in lallaɓa zuwa 24 ga wata, in ya so daga baya in yi shirun.

A waƙa ta biyu muryar ta mutu gaba ɗaya. Bakina a buɗe, ba komai. Malam Mamman ne ya fara tsayar da kukuma, ya kwantar da ita a cinya ya ce, "Sa'idatu, zauna. Sati uku ina jin kukumar nan tana rufa miki asiri. Faɗa mana."

Na miƙa musu takardar asibiti, don ba bakin faɗa.

Nata'ala ya karanta, ya tashi ya je bakin taga ya dawo. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. "Anti, wata guda ina zargin makirfo! Har wurin mai gyara na kai shi!" Sai kuma ya sassauta murya. "Kina ta ƙara wa kanki ciwo a gabana, ni kuma ina cewa sake, sake."

Na rubuta a waya na nuna musu: ku nemi wata, ba zan riƙe ku ba.

Malam Mamman ya sa aka karanta masa. Sannan ya ce, "Mun baro gidan da ake yar da mutum in ya gaji. Shi ne kika ɗauka irinsa muka zo muka gina?"

Kunya ta kama ni fiye da ranar da muryar ta yanke.

Alhamis, 8 ga Mayu

An yanke shawara. Talatu za ta ja waƙoƙin. Za a faɗa wa duk wadda ta sayi tikiti gaskiya, mai son mayarwa ta mayar. Ni kuma rubutun baitoci, da karɓar masu son waƙar biki ta WhatsApp, da koya wa Talatu. Kasona yana nan yadda yake.

Talatu ta fashe da kuka. "Yaya Sa'ida, ni amshi na iya. In na ga mutane gwiwata sagewa take."

Yanzu matsorata mun zama biyu.

Talata, 13 ga Mayu

Shiru da wuya. A gida cokali nake bugawa a kwano in ina son Umma. Jiya na taka ƙusa, ko "wayyo" sai da na haɗiye.

Wasu sun dawo da tikiti. Wata ta rubuto, "Mu don Sa'ida muka saya." Na ji zafi, na kuma ji daɗi. Wannan daɗin ban so shi ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Da tafi nake koya wa Talatu. In ta yi sauri in buga cinya, in numfashinta zai ƙare in ɗaga yatsa. Tana kamawa. Muryarta ta fi tawa zaƙi a sama, tun da can na san haka, ban taɓa faɗa ba ne.

Abin da ba zan nuna wa kowa ba: ina tsoron ta faɗi a gaban mutane. Ina kuma tsoron ta yi nasara.

Laraba, 21 ga Mayu

Wata uwar amarya ta aiko da sunaye a jera kamar yadda aka saba, a yabi wannan a yabi wancan. Da yake ba ni da baki sai yatsa, na yi ta yi mata tambayoyi. Ashe kakar yarinyar ce ta raine ta da sana'ar ƙosai, kuma ta rasu bara. Na sa ta a baiti na biyu. Matar ta turo saƙon murya, rabinsa kuka ne. Ta ba ƙawayenta biyu lambarmu.

Da, ban taɓa tambayar kowa komai ba. Sunaye nake karɓa in rera.

Lahadi, 25 ga Mayu

An yi.

Zauren bai cika ba, amma ya fi rabi. Na zauna a layin gaba da Umma. Talatu ta fito, ta shiga waƙar farko kafin kiɗa ya iso wurin, ta rikice, ta tsaya cak. Na ji ƙus-ƙus a bayana. Wata har ta ja tsaki. Malam Mamman ya yi ta zagaye da kukuma yana jiranta, ita kuwa idonta a ƙasa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fara tafi irin na gwaji, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ta ɗago ta gan ni. Na ɗaga yatsa. Ta ja numfashi ta shiga daidai. Matan bayana suka ɗauki tafin, suna zaton cikin tsarin ne.

Daga nan ba ta sake waiwayata ba. Ba ta buƙata.

Kafin waƙar ƙarshe ta ce, "Duk baitin da kuka ji yau, ga wadda ta rubuta shi nan." Aka yi guɗa. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ke ce kika san abin da ke cikin mutane haka?"

Da aka tashi na shiga banɗaki na yi kuka ba sauti, don ko kukan doka ta hau kansa. Ban san ko na murna ne ko na baƙin ciki ba. Duka biyun, ina jin.

Litinin, 16 ga Yuni

Sati shida sun cika. Likita ya sake dubawa, ya ce ƙullin sun ragu sosai, in fara magana a hankali, kaɗan-kaɗan. Kalmar farko da na faɗa "na gode" ce. Ta fito ƙasa-ƙasa, kamar ta wata.

Ban tsaya ba, don na yi alkawari da wata uwar amarya ƙarfe sha biyu, ga kuma wani baiti da yake ta juya mini a ka tun ina kan layi, ina tsoron kada ya gudu. Sai la'asar na shigo gida.

Umma ta ce, "To, ya ce yaushe za ki koma waƙa?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ban tambaye shi ba.

Mantuwa ce kawai. Sauri nake yi. Tsoron yana nan, ban ce ya tafi ba. Zan tambaye shi a zuwa na gaba, in na tuna.