Limamin Kabewa

Malam, sallama irin ta masu rai na kawo maka, don ban iya wata ba. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Da kana nan ma ai ba zan rubuta ba, bakin ƙofa zan tsaya in ja ka da tsiya.

Gida lafiya. 'Yarmu Rabi ta haihu, namiji, kunnuwanka sak, Allah Ya ba shi haƙuri. Balaraben mai gona ya bar min rumfar ledarka, wai in zan iya in ci gaba. Na ce me zai gagare ni? Alayyahu da lalo sun yi kyau, har kasuwar Zahir ta nan Makka nake aikawa. Kabewa ce ta tona min asiri.

Ka tuna irin da Inna mahaifiyarka ta ƙulle a bakin zane, ta ratso Chadi da Sudan da shi, kake sabunta shi duk shekara? Na juye gwangwanin kaf na shuka, ko ƙwaya ban rage ba. Ya yi yaɗo, ya yi fure. Sai furen ya kama zubewa, 'ya'yan suna yanƙwanewa tun suna kamar goro. Ga sanyi ya kusa ƙarewa. Ka san Makka, zafi na shigowa fure ya ƙare. Irin Inna ya tafi ke nan, kuma a hannuna.

Na ƙara ruwa, na ƙara taki, har bakin mutane na zarga. Sai da na yi sati biyu na yarda da abin da na sani tun farko. Ledar da ragar da suka hana ƙwari shiga, sun hana ƙudan zuma ma. Aikinsu kake yi kullum da sassafe da gashin kazar nan, ka shafo wannan fure ka kai wa wancan.

Ni kuwa me na yi? Na ɗauki zancenka na kai unguwar Misfala, inda nake kasa kaya. Ina bayan tirena ina kwaikwayonka a gaban mata, in duƙa, in turo baki, in ce ga Malam can yana ɗaura wa kabewa aure, ba waliyyi ba sadaki. Ni na raɗa maka Limamin Kabewa. Sunan ya bi ka har masallaci. Ranar zaman makoki ina ɗaki na ji wani a ƙofar gida yana tambaya ko nan ne gidan Limamin Kabewa. Sunanka na yanka ma bai sani ba.

Sau uku ka kira ni za ka nuna min yadda ake gane mace da namiji, sau uku ina tuntsirewa da dariya. Daga nan ka daina kira. In na shigo rumfa sai ka soke gashin a aljihu, ka kama duba tiyon ruwa. Na gani, Malam. Na gani, kuma da yamma na kai wa mata labarin, har da na aljihun. Kabewar da nake yankawa ina sayar musu muna dariya, daga ina nake zaton ta fito?

Sati uku ke nan na buɗe kayanka, na sami gashin a aljihun farar rigarka. Na tafi gona bayan asuba, na tsaya tsakiyar fure, ba wanda zan tambaya. Sai jikina ya duƙa da kansa. Ashe a wasan nan nakan leƙa ƙarƙashin fure in ce amarya ce mai ɗan tulu a gindi, ango kuwa siririn wuya gare shi. Duk motsin hannunka na haddace. Abin da na ƙi karɓa da girma, wajen yi maka ba'a na ɗauke shi. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai.

Huɗu sun kama. Babbar ta kai kan jaririn Rabi. Na ɗaura mata tsumma, ta iri ce, ko wa ya zo ba zan sa mata wuƙa ba sai ta ƙosa.

Hajiya Kaltume mai tiren kusa da nawa ta biyo ni karɓar lalo, ta same ni a duƙe da gashin kaza. Ta toshe baki da mayafi. Jiya duk layinmu Na'ibin Liman ake kirana. Na amsa, kamar yadda kake amsawa. Yanzu na ji yadda yake.

Ka yafe min, Malam. Allah Ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Matarka mai dogon baki,
na'ibarka, Hauwa.