A Bar Mutum Ɗaya da Makulli

Zuwa ga Shugaban ɗakin karatun garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya iyali? Ni manomin shinkafa ne a yankin Kura. Tun aji huɗu muka rabu da boko, kowa ya yafe wa kowa. In ka ga kuskure a takardar nan nawa ne, don 'yata Saudatu ta ce in kawo ta gyara, na hana.

Saboda ita na rubuto. Saura mako uku ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, littattafan da take bukata kuwa a wurinku suke. Na taɓa taya guda a Kano, da na ji kuɗin sai na ajiye shi a hankali.

Na ɗaya. Ranar Litinin na goyo ta a babur, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shayin gefe ya ce kun tafi ta'aziyya Bunkure. Laraba suna a gidan masinja. Alhamis dubiyar surukar mai shara. Dukanku a mota ɗaya, har da makullin.

Na biyu. Ban ce mugunta ce ba. Malama Binta mai ba da aron littafi har ɓoye wa Saudatu wanda take so take yi a ƙarƙashin tebur. Ita ta ce mini a ofishinku duk wanda ya zauna bai bi ayari ba, ya zama marar zumunci, sai a yi wata ana amsa gaisuwarsa ciki-ciki. Wa zai so haka?

Na uku, laifina ne. Bara da yayana ya rasu kun zo kwanku da kwarkwatarku, kuka yini. Ina ta nuna ku ga dangi ina hura hanci, wai ma'aikata sun zo mini. Ban tambayi ɗan wa kuka bari tsaye a ƙofa ranar ba.

Roƙona, ku riƙa yin karɓa-karɓa yadda muke rabon ruwa a gona. Kai da bakinka nake so ka faɗa musu cewa wanda ya tsaya, a madadin kowa ya tsaya, don kada a ga baƙinsa.

Ni dai na yafe tun yanzu. Ranar da tawa ta zo, ku turo mutum ɗaya, ya isa. Sauran su yi mini addu'a daga kujerunsu, ƙofa a buɗe.

Allah ya ƙara girma, ya raya zuri'a, ya bar zumunci.

Wassalam.

Baban Saudatu