Muryar Alassan a Shagon Caji

Yaya Zuliha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Paraku, ya karatu? Mai kwalekwale zai miƙa wannan, tunda sojoji ba su buɗe gada ba.

Na bi shawararki, na sa sabon Python, 3.13, harshen rubuta porogaram, a ordinata, wato kwamfutar shagonmu na caji. Gaskiyarki, ya yi kyau. Kuskure yanzu da launi yake fitowa, ko ni da ban yi nisa a karatun lakwal ba ina ganin wurin. Sai dai porogaram ɗin da marigayi yayana Alassan ya rubuta ya yi shiru. Kin san shi, in waya ta cika, muryarsa ke cewa, "Ta ƙoshi, a zo a ɗauka," da Hausa da Dandanci.

Tun da kogi ya ci shi, Inna ta dawo da kaskonta ƙofar shagon, wai nan ne ciniki. Ba nan ba ne. Na lura ba ta juya ƙosai sai ya gama magana. Jiya ta ce, "Yakuba, yau ba wayar da ta cika?"

Ki taimake ni.

Ƙanenki,
Yakuba, Gaya

*

Yakuba,

Na amsa gaisuwa, ka gaida Inna. Wayyo, laifina ne! Launi na gani na ruɗe, na manta masu Python sun cire tsohon ɓangaren sauti, kuma da shi Alassan ya yi aiki. Muryar ba ta ɓata ba. Ga kile na aiko, ɗan abin nan da ake soka wa ordinata, gyaran yana ciki.

Ka zuba mini muryar a ciki ka maido. Ni da aka sa mana rana da shi, ko kalma ɗaya tasa ba ni da ita.

Allah ya ba mu haƙuri,
Zuliha

*

Yaya Zuliha,

Gaisuwa da fatan alheri. Gyaran ya yi, Alassan ya yi magana. Inna ta tsaya da matsami a hannu har ƙosan ya ƙone. Sannan ta ce, "Kashe. Da ya yi shiru na samu na yi kukansa. Yaron nan ya yi aikinsa, a bar shi ya kwanta."

Ni ke kiran masu waya da bakina yanzu. Dandancina bai kai nasa ba, masunta suna ta yi mini dariya.

Ga kile ɗinki, muryarsa na ciki. Kada ki kunna ke kaɗai.

Allah ya sada mu da alheri,
Yakuba